Rigar mama: yadda ake sanin lambarta da yadda ake daidaita ta a jiki

Rigar mama, wadda wasu ke kira rigar nono, tana da suna fiye da ɗaya a ƙasar Hausa. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai an fi jin ana cewa sutiyan, sunan da ya samo asali daga Faransanci. Wajen ƴan'uwanmu na Najeriya kuwa bireziya ake cewa. Ko da wane suna aka kira ta, tufa ce da mace kan wuni da ita tun safe har dare, amma kuma ita ce tufar da aka fi saye da ka. Mace za ta kai atamfa wurin tela, a auna kafaɗa, a auna ƙugu, a auna tsawon hannu, in ɗinki bai yi ba ta mayar a gyara. Idan aka zo kan rigar mama sai kunya ta hana tambaya. A ɗaga, a duba da ido, a biya, a ƙunshe cikin leda da sauri.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga mata da yawa: shaidar igiya a kafaɗa, jan layi a ƙarƙashin ƙirji, ciwon wuya da na baya da yamma, ƙaiƙayi a lokacin zafi, da asarar kuɗi a kan rigar da aka sa sau biyu aka jefa ƙasan akwati. Mafi yawan wannan wahala ana iya kauce mata da awo biyu da lissafin ɗebewa guda ɗaya, irin wanda kuka riga kuka koya a aji.

Aikin da rigar ke yi

A cikin mama babu tsoka mai ƙarfi irin ta damtse ko ta cinya. Abin da ke ciki kitse ne, da wuraren da ke yin nono, da hanyoyin da nonon ke bi ya fito. Fata ce da wasu siraran zaruruwa na ciki ke riƙe da shi. Tsokar ƙirji tana baya, a kan haƙarƙari. Saboda haka duk lokacin da mace ke daka, ko jan guga, ko tafiya bisa amalanke ko babur a hanya mai gargada, nauyin mama yana jan fatar da zaruruwan nan. Ga mai ƙaramin mama wannan ba wani abin damuwa ba ne. Ga mai babban mama kuwa, jan nan yana iya zama ciwo.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya: rashin sa rigar mama ba cuta ba ne. Kakanninmu sun yi rayuwarsu da ɗaurin ƙirji, sun yi noma, sun yi goyo. Ita kanta rigar ba ta daɗe a duniya ba. A shekarar 1889 wata mai ɗinki a birnin Paris na Faransa, Herminie Cadolle, ta nuna irin nata samfurin, a 1914 kuma wata Ba'amurkiya, Mary Phelps Jacob, ta yi rajistar nata. Haruffan A, B, C, D da muke gani a jikin rigar sai bayan 1930 aka fara amfani da su a Amurka. Wadda ba ta son sawa ba ta yi laifi ba. Amma wadda za ta sa, to ta sa wadda ta yi mata daidai, domin rigar da ba ta dace ba gara babu ita.

Rigar tana da sassa huɗu da ya kamata a san sunayensu. Akwai ɗamara, wato ƙyallen roba da ke zagaye ƙirji ta ƙarƙashin mama. Akwai ƙoƙo biyu, inda mama ke zama. Akwai igiyoyin kafaɗa, waɗanda wasu ke kira hannun riga. Sannan akwai ƙugiyoyi a baya, tare da jerin maƙalai biyu ko uku. Mutane da yawa suna zaton igiyoyin kafaɗa ne ke ɗauke da nauyi. Ba haka ba ne. Ɗamara ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin, igiyoyin taimako kawai suke yi don ƙoƙo ya zauna a wurinsa. Wadda ta riƙe wannan magana ta fahimci rabin darasin nan.

Awo biyu

Nemi metir na tela, wato igiyar awo mai laushi da tela ke ratayawa a wuya. Gefe ɗaya nata santimetir ne, mai ƙananan lambobi kusa da juna, sau da yawa har 150. Ɗaya gefen inci ne, mai manyan lambobi har 60. Inci ɗaya ya ɗara santimetir 2 da rabi kaɗan. A wannan darasi da gefen santimetir za mu yi aiki. A kula ƙwarai kada a fara awo da gefe ɗaya a ƙare da ɗayan.

Ana yin awon a ɗaki, a tsaye, ba tare da riga mai kauri ba. In akwai madubi ya yi kyau. In akwai ƴar'uwa ko ƙawa da za ta taimaka, ya fi kyau, domin ita ce za ta ga ko igiyar ta karkace a baya.

Awo na farko shi ne na ƙarƙashin mama. Ki zagaya igiyar a kan haƙarƙari, daidai inda mama ya ƙare. Ki saki numfashi kamar yadda kika saba, kada ki cika ƙirji da iska, kada kuma ki shanye ciki. Igiyar ta kama jiki sosai amma ba ta nutse cikin fata ba. Ta kasance a miƙe, bayanta bai hau sama ba. Ki rubuta lambar da kika samu.

Awo na biyu shi ne na saman mama. Ki zagaya igiyar ta inda mama ya fi tudu, yawanci ta kan bakin mama. A wannan karon ba a matsewa ko kaɗan, igiyar ta kwanta a jiki kawai. Macen da mamanta ya kwanta saboda haihuwa ko shekaru, ta yi wannan awo da wata tsohuwar rigar mama marar soso a jikinta, ko kuma ta sunkuya gaba kaɗan, don kada lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Ita ma ki rubuta ta.

Idan babu metir a gidan, ba a fasa ba. Ki sami zare mai kauri ko tsinken ƙyalle wanda ba ya miƙewa, ki zagaya, ki ƙulla alama a inda ya haɗu. Zare ɗaya na ƙasa, ɗaya na sama. Sai a aika yaro ya kai wa tela ya auna tsawonsu. Ba dole ba ne tela ya san ko na mine ne.

Daga awo zuwa lamba da harafi

A jikin kowace rigar mama akwai ɗan ƙyalle da aka rubuta lamba da harafi, misali 80B. Lambar ta ɗamara ce. Harafin na ƙoƙo ne.

Lambar ɗamara daga awo na farko take fitowa. A tsarin Turai ana tafiya biyar-biyar, sai a ɗauki lambar da ta fi kusa da awonki:

santimetir 68 zuwa 72, lamba 70
santimetir 73 zuwa 77, lamba 75
santimetir 78 zuwa 82, lamba 80
santimetir 83 zuwa 87, lamba 85
santimetir 88 zuwa 92, lamba 90

Haka ake ci gaba har sama.

Harafin ƙoƙo kuwa daga lissafin ɗebewa yake fitowa. A ɗebe awo na farko daga awo na biyu. Idan abin da ya rage santimetir 12 zuwa 14 ne, harafinki A. Idan 14 zuwa 16 ne, B. Idan 16 zuwa 18 ne, C. Idan 18 zuwa 20 ne, D. Idan 20 zuwa 22 ne, E. Duk ƙarin santimetir 2, sai a matsa harafi ɗaya gaba. Wadda lissafinta ya faɗa kan iyaka, kamar 16, ta gwada haruffan biyu.

Ga misali. Mace ta auna ƙasa ta sami 79, ta auna sama ta sami 94. Lambar da ta fi kusa da 79 ita ce 80. A ɗebe 79 daga 94, saura 15. To 15 tana cikin gidan B. Lambarta 80B ke nan.

Wata ta sami 74 a ƙasa, 93 a sama. Idan aka dubi awon sama kaɗai, 93 da 94 kusan ɗaya ne, sai a yi zaton rigarsu ɗaya da ta farko. Amma 74 ta fi kusa da 75, kuma idan aka ɗebe 74 daga 93 saura 19. Lambarta 75D. In ta ari rigar waccan, ɗamara za ta yi mata yawa, ƙoƙo kuma ya yi mata kaɗan. Wannan ne ya sa awo ɗaya ba ya isa.

(Wani abin lura ga masu koyon karatu: harafin C da muke karantawa kamar a kalmar "ciki", mai kanti da ya yi makarantar Faransanci zai ce masa "se", wanda ya saba da Ingilishi kuma ya ce "si". Kada wannan ya ruɗe ki. Ki rubuta lambarki da harafinki a ƴar takarda, ki gwada da abin da ke jikin rigar da idonki.)

Lamba 90 ba ɗaya ba ce a ko'ina

Nan ne inda aka fi yin asara a kasuwanninmu, don haka za mu ɗan daɗe a kai. Kayan da ke zuwa mana, sababbi da na gwanjo da muke kira bosho, daga ƙasashe daban-daban suke, kuma kowace ƙasa da irin ƙidayarta. A kan tebur ɗaya a kasuwar Dole ta Damagaram ko a Katako ta Yamai, ana iya samun tsari uku a gauraye.

Tsarin Turai shi ne wanda muka bayyana a sama. Yawanci ana rubuta EU ko EUR kafin lambar. Faransa kuwa tana ƙara 15 a kan wannan lamba, ana rubuta FR ko F. Wato 75 ta Turai ita ce 90 ta Faransa, 80 ita ce 95, 85 ita ce 100. Ingila da Amurka suna da nasu lambobi na tsarin inci, masu tafiya biyu-biyu, ana rubuta UK ko US: 32 ita ce 70 ta Turai, 34 ita ce 75, 36 ita ce 80, 38 ita ce 85, 40 ita ce 90. Wannan tsari ne aka fi sani a Najeriya. Kayan ƙasar Sin sau da yawa suna ɗauke da lamba biyu tare, kamar 36/80.

Saboda haka macen da muka yi misali da ita da farko tana da suna uku ga riga ɗaya: 80B a Turai, 95B a Faransa, 36B a Ingila. Idan wata ta ce miki "ni 90 nake sawa", sai ki tambaye ta: 90 ta wace ƙasa? In ta Faransa ce, ƙirjinta wajen santimetir 75 ne. In ta Turai ce, wajen 90 ne. Tsakaninsu santimetir 15, kusan taƙi guda. Ga mu a ƙasar da aka saba da Faransanci, ga kuma kayan da ba duka na Faransa ba ne, dole ne a riƙa duba ƴan haruffan da ke gaban lambar.

Haruffan ƙoƙo daga A zuwa D kusan ɗaya suke a dukkan tsarin. Bayan D ne suke rabuwa: Turai ta wuce E, Ingila kuwa ta sa DD tukuna. Masu babban mama su lura da wannan.

Akwai wani abu kuma da mutane ƙalilan suka sani. Harafi shi kaɗai ba ya nuna girman mama. Ƙoƙon 70D, da na 75C, da na 80B, da na 85A, kusan cinsu ɗaya ne. Amfanin sanin wannan shi ne: idan kin gwada 80B, ƙoƙo ya yi daidai amma ɗamara ta yi sako-sako, ba 75B za ki nema ba, domin ƙoƙonta zai yi miki kaɗan. 75C za ki nema. Wato in an sauka a lamba sai a hau a harafi, in an hau a lamba sai a sauka a harafi.

Duk da haka, awo mafari ne kawai. Kamfanoni ba sa yanka iri ɗaya, kuma rigar bosho robarta ta riga ta saki, lambar da ke jikinta ta zama tarihi. Jiki ne alƙali na ƙarshe.

Yadda ake sawa da gyarawa

Ki sassauta igiyoyin kafaɗa tukuna. Ki zura hannuwa, ki sunkuya gaba kaɗan don mama ya sauka cikin ƙoƙo, sannan ki maƙala ƙugiya a baya. Wadda hannunta ba ya kai wa baya ta maƙala a gaba, ta juya rigar a hankali. Bayan haka ki sa tafin hannu ta gefen hammata, ki tattaro naman mama zuwa cikin ƙoƙo, dama da hagu. Mata da yawa ba sa yin wannan, shi ya sa rabin mama ke zama a waje ta gefen hammata.

Sabuwar riga ana fara ta ne a jerin maƙalai na baki, wato mafi sassauci. Dalili shi ne roba tana saki da wanki da sawa. Idan ta saki sai a matsa jeri na tsakiya, daga baya na ciki. Wadda ta sayi rigar da sai a jeri na ciki take kama ta tun ranar farko, bayan ƴan watanni ba ta da inda za ta matsa.

Yanzu sai dubawa. Ɗamara ta kasance a miƙe kewaye da jiki, gaba da baya a layi ɗaya. Idan bayanta ya hau sama zuwa allon kafaɗa, ta yi yawa. Ki zura yatsu biyu a ƙarƙashinta ta baya: in sun shiga da ɗan matsi, daidai ne. In hannu duka ya shige, ta yi sako-sako. In ko yatsa ɗaya ba ya shiga, ko numfashi na yi miki wuya bayan cin abinci, ta matse. Ki ɗaga hannuwa sama kamar mai ɗora tulu a ka. In rigar ta biyo hannun, mama ya leƙo ta ƙasa, ɗamara ba ta kama ba.

Ɗan ƙyallen da ke tsakanin ƙoƙo biyu ya kamata ya kwanta a kan ƙashin ƙirji, musamman a riga mai ƙarfe. In ya tashi ya bar jiki, yawanci ƙoƙo ne ya yi kaɗan. Idan nama ya tuttulo ta saman ƙoƙo har a cikin riga ana ganin kamar mama huɗu ne, ƙoƙo ya yi kaɗan. Idan ƙyallen ƙoƙo ya yamutse ko akwai fili a ciki, ya yi yawa. Ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙoƙo kuma a kan haƙarƙari ya kamata ya zauna, ya kewaye mama. Bai kamata ya hau kan naman mama ba ko kaɗan.

Igiyoyin kafaɗa su ne na ƙarshe. Kowace tana da ɗan zobe na roba ko na ƙarfe da ake ja sama ko ƙasa. A ja har igiyar ta daina zamewa, yatsa ɗaya ko biyu na iya shiga ƙarƙashinta, sai a tsaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne, idan mace ta ji rigar ba ta ɗaga mama ba, sai ta yi ta ɗaure igiyoyi. Sai bayan rigar ya ƙara hawa sama, gaba ya ƙara sauka, nauyi duka ya koma kafaɗa, igiya ta yi rami a fata. Maganin yana wurin ɗamara. Mai babban mama ta nemi igiya mai faɗi da ɗamara mai ƙugiya uku ko huɗu.

Kusan kowace mace mamanta ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Wannan halitta ce, ba ciwo ba. Ana zaɓen ƙoƙo ne da girman babban, sai a ɗan rage igiyar gefen ƙaramin, ko a sa ɗan ƙyalle mai tsabta a cike wurin.

A kasuwa

A mafi yawan kasuwanninmu babu wurin gwaji, kuma sau da yawa mai sayarwa namiji ne. Ga dabara. Ki tafi da zaren nan na awon ƙasa. Ki maƙala ƙugiyar rigar a jeri na baki, ki ninka zarenki biyu, ki gwada da faɗin ɗamarar. Kafin a ja ta, ɗamarar ta ɗan gaza zaren. Idan aka ja ta, ta wuce shi ba da wahala ba. In tun ba a ja ba ta kai tsawon zaren ko ta wuce, za ta yi miki yawa. Ki ja robar ki saki: mai rai tana komawa nan take, matacciya kuwa tana tsayawa a miƙe, wani lokaci har da ƴar ƙara kamar busasshen ganye. Ki duba ƙugiya ba ta yi tsatsa ba, ƙarfe bai huda ƙyalle ba. In sabuwa ce, ki yi magana da mai kaya kafin ki biya, cewa in ba ta yi ba za ki dawo a musanya. Mata masu kai kaya gida-gida sun fi sauƙin wannan sha'ani, domin a wurinsu ana iya shiga ɗaki a gwada.

Masu haɗa kayan lefe su ma a yi musu tuni. Sau nawa ake zuba rigunan mama rabin dozin a akwati, dangin ango sun saya da ka, amarya ta rasa ko ɗaya da za ta sa? Ana tambayar lambar takalmi ba tare da jin nauyi ba. Ita ma wannan lamba ana iya aikawa da ita a rubuce ta hannun ƙawar amarya ko gwaggonta.

Rigar da ta kusa yin daidai ba a yar da ita. Mai ɗinki tana iya rage ɗamara, amma ta rage daidai wa daida a gefe biyu na baya don kada rigar ta karkace. Wadda ta matse kaɗan ana iya ƙara mata ƙyalle mai ƙarin maƙalai, ko daga wata tsohuwar riga aka yanko shi. Idan ƙarfe ya huda ya fara suka, a mayar da shi a ɗinke bakin da ƙyalle mai kauri, ko a zare ƙarfen gefe biyu gaba ɗaya. Ƙoƙon da ya yi kaɗan ne ba shi da gyara.

Jiki yana sakewa

Lambar mace ba ta tsayawa wuri ɗaya har abada. Ƙiba da rama suna sake ta. Kwanaki kaɗan kafin al'ada mama kan cika ya yi nauyi. Wasu magungunan tsarin iyali su ma suna sa haka. Bayan ɗaukewar al'ada siffar mama takan sake. Yana da kyau a maimaita awo sau ɗaya a shekara, da kuma duk lokacin da rigar da aka saba da ita ta fara damu. Yarinya mai tasowa kuwa jikinta na sakewa da sauri, riga mai laushi ta auduga marar ƙarfe ta ishe ta. Uwa ce ya kamata ta nuna mata awon, kada a bar ta da tsofaffin rigunan yayyenta, kada kuma a matse mata ƙirji don a ɓoye girmanta.

Mai juna biyu da mai shayarwa su ne suka fi bukatar kulawa. Tun watannin farko mama ke ƙaruwa, daga baya haƙarƙari ma ya buɗe. Saboda haka mai ciki, saɓanin sauran mata, ta sayi rigar da ke kama ta a jeri na ciki, don ta riƙa sassautawa yayin da ciki ke girma. Kwana 2 zuwa 4 bayan haihuwa nono ke sauka da yawa, mama ya cika ƙwarai, sai bayan wasu makonni ya daidaita. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗa masa ba, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2. Wannan na nufin buɗe riga sau da yawa dare da rana. Rigar da ta dace ita ce mai laushi, marar ƙarfe, wadda ƙoƙonta ke buɗewa ko ake iya saukar da shi gaba ɗaya. Tura matsattsiyar riga sama ta danne saman mama lokacin shayarwa ba shi da kyau, haka ma ɗaure zanen goyo tamau a kan mama mai cike da nono. Matsi a wuri ɗaya yana iya hana nono gudu, wurin ya yi tauri, ya yi ja, ya yi zafi. Idan haka ta faru kada a daina ba jariri wannan mama. In zazzaɓi ya shiga, ko an kwana ɗaya babu sauƙi, a tafi gidan likita. In nono na zuba, a sa ƙyallen auduga mai tsabta a riƙa sakewa da ya jiƙe. Kada a sa leda.

Masu gudun shayarwa don kada mama ya kwanta su sani cewa ciki kansa, da shekaru, da yanayin fatar da mace ta gada, su ne manyan dalilan kwanciyar mama. Babu kuma rigar da ke hana wannan har abada.

Zafi, zufa da wanki

A watannin Afrilu da Mayu zafi a ƙasarmu kan wuce digiri 40. Riga mai soso mai kauri ko ta leda-leda tana tara zufa a ƙarƙashin mama, fata ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ta saɓule har ta yi wari. Auduga ta fi dacewa da bazara. Bayan wanka a tsane ƙarƙashin mama sosai kafin a sa riga. In fatar ta saɓule kuma ba ta warke ba cikin ƴan kwanaki, a nuna wa malaman asibiti, musamman mai ciwon sukari. Ajiyar kuɗi da wayar salula a cikin rigar, wadda mata ƴan kasuwa suka saba, tana buɗa ƙoƙo, kuma takardar kuɗi ta bi hannu dubu kafin ta zo kan fatarki.

Riga biyu ko uku da ake musanyawa sun fi guda ɗaya daɗewa, domin roba na bukatar hutu. A wanke da hannu, da sabulu da ruwa marar zafi. Ruwan zafi, da ruwan jabel, da guga, da murɗawa da ƙarfi, duk suna kashe roba. A shanya a inuwa inda iska ke bugawa. Kunya kan sa wasu su cusa ta a jiƙe ƙarƙashin wasu kaya a ɗaki, sai ta yi wari ta yi funfuna. Gara a shanya a igiya a yafa mata ɗan mayafi marar kauri. Ta bosho kuwa, wajibi ne a wanke ta sosai ta bushe ƙarau kafin ta taɓa jiki. Da dare ana iya cire rigar jiki ya sha iska.

Jita-jitar kansa

Ana yawan cewa rigar mama, musamman mai ƙarfe ko baƙa, tana jawo kansar mama. Binciken likitoci bai tabbatar da haka ba. A shekarar 2014 masu bincike a birnin Seattle na Amurka sun bayyana sakamakon nazarin da suka yi a kan mata fiye da 1,500, masu kansar da marasa ita. Ba su sami alaƙa tsakanin cutar da irin rigar, ko ƙarfenta, ko yawan awoyin da ake sa ta ba.

Abin da ya kamata a sa wa ido daban ne, kuma lokacin sa riga da cire ta dama ce ta lura da shi. Idan kin ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko mama ɗaya ya sake girma ko siffa ba ciki ba shayarwa, ko fatar ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemu, ko bakin mama ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko jini na fita daga gare shi, ko akwai gyambon da ya ƙi warkewa, to kada ki ɗora laifin a kan riga, kada kuma ki jira sai ya yi ciwo. Ki je gidan likita mafi kusa ki nuna wa ungozoma ko likita. Mafi yawan ƙullutu ba kansa ba ne, amma awon asibiti ne kaɗai ke bambancewa. In akwai bukata za su tura ki babban asibitin jiha ko cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa da ke Yamai.

Aikin yi a aji ko a gida

Wata mata ta auna ƙasa ta sami santimetir 86, ta auna sama ta sami 103. A kasuwa ta ga riga uku. Ta farko an rubuta mata FR 85C, ta biyu FR 100C, ta uku UK 40C. Wacce za ta ɗauka?

Lambar da ta fi kusa da 86 ita ce 85. A ɗebe 86 daga 103, saura 17, wato C. Lambarta a tsarin Turai 85C. A ƙara 15 don a sami ta Faransa: 100C. Riga ta biyu ce tata. Ta farko ta mai ƙirjin santimetir 70 ce, ko maƙalawa ba za ta yi ba. Ta ukun ta mai ƙirjin 90 ce, za ta hau mata baya.